Robar fitilun baya na Fijo 504: inda ake samun ta da yadda ake saka ta

Ɗan Mai Fijo, daga karkarar Ringim

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaida manya da ƙanana, da fatan kowa yana lafiya. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin motoci a kan wani ƙaramin abu da ya tsayar mini da aiki.

Ina farfaɗo da Fijo 504 salun, haɗin Kaduna, wadda mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya bar mana. Ta daɗe a ajiye a ƙarƙashin rumfa a gidanmu na ƙauye. An gama aikin inji, mai gyaran bodi ya yanke wuraren da tsatsa ta ci ya yi walda, an kuma fesa mata farin fenti irin wanda ta zo da shi. Da aka zo mayar da fitilun baya, sai muka tarar robar da ke zama tsakanin gidan fitila da jikin mota ta lalace. Ta hagu ta bushe, da an taɓa ta sai ta marmashe, ta dama kuwa babu ita gaba ɗaya, domin wani da ya taɓa gyara motar a can baya ya cike gurbinta da silikon, kuma a ƙarƙashin wannan silikon ɗin ne muka sami tsatsar da ta fi kowacce muni a bayan motar. Akwai kuma wata siririyar roba tsakanin jan murfin fitilar da gidanta, ita ma ta tsattsage a wurare da dama.

Na zagaya Ƙofar Ruwa a Kano, na sami fitilu na hannu da sababbi ƴan kwaikwayo, amma ban sami wanda yake sayar da robar ita kaɗai ba. Hanyar ƙauyenmu ba ta da kwalta, ƙura ce tun daga kaka har ƙarshen bazara, da damina kuma taɓo da kududdufai, saboda haka ba na son in ɗaura fitilun haka nan ruwa ya koma ya ɓata aikin waldar da na biya kuɗi mai yawa a kansa.

Shin har yanzu ana samun robar asali, kuma a ina? Idan ba a samu, da wane abu ya dace a yanka sabuwa? Sannan wajen sakawa, ana shafa mata gam ko silikon, ko kuwa ana ɗaura ta a bushe? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Bakanike, Wudil

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya ji ƙan mahaifinka, ya sa albarka a abin da ya bari. Ka yi kyan kai da ka tsaya ka yi tambaya, domin mutane da yawa suna kashe dukiya a inji da fenti, sai su zo kan wannan ƴar robar su raina ta, bayan damina biyu kuma fentin gefen fitila ya fara kumbura.

Shawarata ita ce kada ka ɓata lokacinka wajen neman robar asali ta tsakanin gidan fitila da bodi. Roba ba ta jure ajiya yadda ƙarfe yake jurewa. Ko ba a taɓa ɗaura ta a mota ba, zafi da iska da hasken rana suna cin ta a hankali har ta taurare, kuma wadda ta shekara talatin ko arba'in a saman kanta a shago mai rufin kwano, a garin da zafin bazara yake wuce digiri 40, ba lallai ne ta fi wadda ka cire lafiya ba. Aikin wannan robar shi ne ta lotsa idan an matse ta, ta cike duk wani ɗan rashin daidaito da ke tsakanin fitila da bodi, kuma ta ci gaba da turowa bayan an ɗaure. Wadda ta taurare ba ta iya wannan. Motarka kuma an yi mata walda a daidai wurin, to komai ƙwarewar mai gyaran, mazaunin fitilar ba zai koma sumul yadda ya fito daga kamfani ba. Sabon abu mai laushi da aka yanka daidai da motarka ya fi maka amfani.

Abin da za ka nema shi ne faifan robar soso mai rufaffun ƙofofi, wanda ba ya shan ruwa. Mafi kyau shi ne wanda ake kira EPDM, irin robar da ake yin bakin ƙofofin motocin zamani da ita, domin tana jure rana da ruwa shekaru masu yawa. Idan ba ka same shi ba, ka je wurin masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, suna da wani baƙin soso mai laushi da suke naɗe bututu da shi, kuma akan same shi a shimfiɗe kamar faifai. Akwai kuma soson da masu haɗa takalma suke amfani da shi, ba ya shan ruwa shi ma, sai dai idan ya sha zafi da matsi yakan kwanta ya ƙi tasowa, saboda haka shi ne na ƙarshe a wurina. Wanda ba za ka kusanta ba sam shi ne soson katifa da na kujera, domin yana riƙe ruwa a jikin ƙarfe, gara ma babu roba da a saka shi. Gwajin yana da sauƙi: ka yanki ɗan guntu ka nutsar da shi a kofin ruwa, ka matse shi a ciki sannan ka sake shi. Idan ka fitar ka matse ruwa ya tsiyaye daga cikinsa, ka bar wa mai shi kayansa.

Kaurin da za ka saya ba da ka ake ƙiyasta shi ba. Ka mulmula ƴan ƙananan curin yumɓu mai laushi, ka sa kowanne a cikin leda, ka manna su a kusurwoyin mazaunin fitila da tsakiyar sama da ƙasa, ka ɗora gidan fitilar ka ɗaure notocin daidai inda kake son ta tsaya, sannan ka kwance ka auna kaurin da kowane curi ya koma. Nan za ka ga inda tazara ta fi faɗi. Ka zaɓi soson da zai lotsa da kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa a yawancin wuraren. Galibi milimita 3 zuwa 5 yana isa. Idan ka ga wani gefe yana da tazara ninki biyu na ɗayan, wannan ba matsalar roba ba ce, mai gyaran bodi ne zai dawo ya daidaita bakin ramin kafin a ci gaba.

Wajen yanka, ka fara da kwali. Ka kifa gidan fitilar a kan kwali ka zana gefensa na waje, ka huda wuraren da kusoshi da wayoyi suke bi, ka yanke cikin, ka bar faɗin baki daidai da inda fitila take taɓa bodi. Ka gwada kwalin a jikin mota har sai ya zauna, sannan ka ɗora shi a kan soson. Kwali ɗaya ya ishe ka, domin na hagu da na dama juyin juna ne, kifa shi kawai za ka yi. Ka yi yankan da sabuwar reza a kan katako, domin almakashi yana matse soso ya bar baki a karkace. Ramukan kusoshi kuma ka sami guntun siririn bututun ƙarfe ka wasa bakinsa, ka ɗora ka buga da guduma, zai fitar da rami zagayayye wanda ba zai yage ba. Ka sa ramin ya ɗan matse kusar, saboda ta nan ruwa ya fi silalowa. Kuma ka yanka robar guda ɗaya ba tare da haɗi ba. Idan faifan bai kai girman ba dole sai an haɗa, to haɗin ya kasance a ƙasa, kada ya kasance a sama.

A bushe ake ɗaura ta. Idan tana zamewa lokacin da kake ƙoƙarin ɗora fitilar, ka ɗiga gam irin na masu takalma a wuri uku ko huɗu a jikin gidan fitilar kaɗai, kada ka shafa a jikin fenti. Kada man inji ko giris ko fetur su taɓa ta, domin EPDM tana kumbura ta lalace idan ta haɗu da su. Ruwan sabulu kaɗan ya isa idan ana bukatar santsi. Notocin kuma ka ɗaure su da kaɗan-kaɗan, kana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan, har soson ya lotsa daidai ko'ina. Da ƙaramin sifana a tafin hannu ake wannan aikin, ba da ƙarfin damtse ba, domin kusoshin tsofaffin fitilu sukan tsinke ko su fizge daga mazauninsu.

Mai Kayan Gyara, ɗan asalin Ɗambatta

Assalamu alaikum. Baba na Wudil ya yi bayani mai gamsarwa a kan robar bodi, kuma ban da abin da zan ƙara a kai. Amma da izininsa, ina ganin siririyar robar da ke tsakanin murfi da gidan fitila hukuncinta daban ne, kuma a kanta neman na asali ko na hannu bai zama ɓata lokaci ba. Wannan tana zama ne a cikin wani kwari da aka yi mata a bakin gidan fitilar, tana bin lanƙwasar murfin, kuma idan aka cusa abin da ya fi ta kauri, ranar da aka ɗaure sukurorin murfin sai ya tsage. Murfin asali kuwa shi ne abin da ya fi wuyar samu a duk bayan motar.

Malam, kafin ka fita nema, ka san cewa 504 ba fitila ɗaya gare ta ba. Ta salun daban, ta wagon daban, ta akori-kura daban, kuma motar ta daɗe ana ƙera ta a ƙasashe da yawa. An fara fitar da ita a Faransa a 1968, kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Fijo a Kaduna a 1975, Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983, amma aka ci gaba da yin ta a Ajantina har 1999, a Kenya da nan Nijeriya kuwa har bayan shekarar 2000. A tsawon wannan lokaci ba kamfani ɗaya ne ya riƙa yin fitilun ba. Idan ka duba jikin murfin da kyau za ka ga sunan mai ƙerawa, kamar Seima ko Frankani, da wasu lambobi, da alamar E2 wadda ke nuna an tantance fitilar a Faransa. Ka ɗauki hoton waɗannan rubuce-rubucen, kuma in son samu ne ka tafi kasuwa da fitilar gaba ɗaya a hannunka. Ƴan kasuwa ba mu cika gane abu da kwatance ba, amma idan ka ajiye mana shi a kan teburi, mai shi zai tuna inda ya jefa irinsa.

Ba a cika sayar da robar ita kaɗai ba, shi ya sa ba ka same ta ba. Abin da ake yi shi ne a sayi fitilar hannu wadda murfinta ya fashe, da araha, saboda robarta da soket ɗinta da sukurorinta. Ka koma Ƙofar Ruwa ka tambayi dattawan da suka yi zamanin Fijo, ka bar yaran shago, domin da yawansu an haife su ne bayan motocin Japan sun cika tasha. Fanteka a Kaduna ta cancanci tafiya, tunda garin ne gidan motar, kuma idan kana da wanda yake zuwa Legas, kasuwar kayan mota ta Ladipo ma wuri ce. Ku da kuke Jigawa kuna da wata ƙofa ta kusa, wato direbobin da ke shiga Damagaram ta Maigatari, domin Fijo ƴar Faransa ta yi yawa a Nijar, kuma akwai matattun 504 a garejojin can. Haka nan kada ka raina matattun motocin da ke jibge a bayan tashoshin garuruwanmu. Wadda ta mutu a inuwar bishiya ana iya samun robarta da sauran rai.

Idan ka sami robar hannu, ka lanƙwasa ta a yatsanka ka duba bayan lanƙwasar a cikin haske. Idan ƙananan tsagogi suka buɗe, ta mutu. Ka danna ta da farce, idan alamar ta ɓace nan da nan tana da sauran rai. Wadda ta ɗan taurare amma ba ta tsage ba, a wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, a shafa mata gilisarin, za ta ɗan saki.

Ga mai hali kuma akwai hanyar waje. A Faransa akwai masu yin sababbin robobi domin tsofaffin Fijo, kuma gidan tarihin kamfanin da ke Sochaux yana da sashen kayan gyaran tsofaffin motoci. Idan za ka bincika a intanet, da Faransanci za ka rubuta, joint de feu arrière 504 berline, domin ta haka sakamakon ya fi fitowa. Ka yi hattara da kayan Ajantina, saboda 504 ɗinsu ta ƙarshe-ƙarshe an sauya mata fasalin baya, fitilarta ba irin tamu ba ce. Kuɗin aiko da ita zai iya fin kuɗin robar kanta, saboda haka ya fi kyau ka haɗa da sauran abubuwan da kake bukata, kamar robar but da ta gilashi, a turo su tare.

Idan duk wannan ya gagara, akwai robar soso mai siffar igiya da ake sayarwa da awo. A auna faɗin kwarin, a sayi wadda ta shige shi ba tare da dannawa da ƙarfi ba, a zagaya da ita ba tare da an ja ta ba, domin wadda aka ja takan koma ta gajarce ta bar giɓi a kusurwa.

Mai Wayarin, Gumel

Assalamu alaikum. Ina gaida Baba na Wudil da Alhaji na Ɗambatta. Ni ta ɓangaren wuta zan yi magana, domin motoci da dama sun zo hannuna bayan an yi musu sabon fenti da sabuwar roba, mai mota yana cewa fitilunsa sun haukace.

A tsofaffin motoci da yawa, wutar da ta shiga ƙwan fitila tana komawa batir ne ta jikin ƙarfen mota, ta hanyar kusoshi da notocin da ke riƙe da fitilar ko ta wata gajeriyar waya da aka ɗaure a kusa. Wannan shi ne at. Sabon fenti ba ya wuce da wuta, sabuwar roba ma haka, saboda haka ranar da ka gyara wurin ya yi kyau, a ranar kake iya yanke wa wutar hanyarta. Idan ta rasa hanya sai ta bi ta cikin wani ƙwan, shi ya sa za ka kunna sigina ka ga danja tana ƙyaftawa a dusashe tare da ita, ko ka taka birki ƙaramar wutar baya ta mutu. A hanyar dare irin ta Gezawa zuwa Ringim, inda manyan motoci suke bin bayanka, wannan ba abin wasa ba ne. Kada a kankare sabon fenti a ƙarƙashin robar domin neman at, domin daidai wurin ne ake son karewa daga tsatsa. A ja sabuwar waya mai ɗan kauri daga gidan kowace fitila zuwa wani noti a can cikin but inda ruwa ba ya kaiwa, a goge ƙarfen wurin ya yi haske, a ɗaure da wosha mai haƙora, sannan a shafe saman da ɗan giris, nesa da robar.

Game da silikon da ka tarar, dalilin tsatsar ba ɓoyayye ba ne. Silikon na yau da kullum, wanda ake liƙa gilashin taga da shi, yana fitar da sinadari mai tsami yayin da yake bushewa, shi ne warin nan mai hawa hanci da ake ji idan an buɗe shi. Wannan tsamin yana cin ƙarfe da tagullar soket. Bayan haka, duk inda ya ɗan saki jikin ƙarfe, ruwa yana shiga ƙarƙashinsa ya rasa hanyar fita. Akwai wani irin silikon marar wannan tsamin, amma ko shi ba na son a liƙe fitila da shi, domin ranar da za a buɗe ta sai an sa wuƙa, a nan ne ake fasa murfi. Gam mai kamawa nan take shi ma a nisanta shi da murfin, tururinsa yana barin farin tabo, tina, wato ruwan tsinka fenti, da fetur kuma suna sa filastik ɗin ya yi tsagogi. Ruwa da sabulu kaɗai ake wanke shi da su.

Abu na gaba shi ne kada ka toshe fitilar ruf. Ƙwan birki da na sigina wat 21 ne kowanne, ƙaramar wuta wat 5, kuma suna zafafa iskar da ke cikin gidan fitila. Idan an kashe su iskar ta huce, sai ta jawo ta waje da danshinta, da damina kuwa danshin yakan kwanta a cikin murfi. Saboda haka ake barin ƴar ƙaramar kafa a ƙasan fitila domin raɓa ta fita. Ka duba ƙasan gidan fitilarka da bakin murfin, idan ka ga wani ɗan tsagi da aka yi da gangan, kada sabuwar robar ta rufe shi. Sama da gefuna ne ake toshewa sosai.

Akwai kuma abin da ya fi ruwa haɗari. Idan mota tana gudu, iskar da ke bayanta takan yi juyi ta dawo da ƙura da hayaƙin salansa jikin but, kuma duk kafar da ta samu a gefen fitila za ta tura su ciki, musamman idan an sauke gilashin gaba. Daga but hayaƙin yana bi ta bayan kujera ya isa wurin fasinja. Iskar kabon monoksaid da ke cikinsa ba ta da wari, alamarta ciwon kai da jiri da barci. Duk mai tsohuwar mota da yake tarar da jar ƙura a but bayan tafiya, ya sani hayaƙi ma yana bin wannan hanyar.

Ɗan Mai Fijo, daga karkarar Ringim

Na gode ƙwarai, Baba, da Alhaji, da Malam na Gumel. Allah ya ƙara girma. Na duba murafen biyu, duka na asali ne kuma ba su fashe ba, saboda haka zan bi su a hankali kamar yadda aka ce. Na kuma ga ɗan tsagin da ake magana a ƙasan kowanne.

Saura tambaya biyu. Wani direban akori-kura da ke ɗaukar kaya zuwa kasuwar Gujungu ya ce mini shi da tsohon tiyub na taya yake yanka tasa, kuma bai taɓa ganin ruwa a fitilarsa ba. Tiyub kuwa ba ya wuyar samu a wurin mai faci a nan ƙauye, ba sai na shiga Kano ba. Shin zai yi a salun? Sannan fentin bai daɗe da bushewa ba, ko akwai laifi idan na ɗaura fitilun yanzu?

Tsohon Bakanike, Wudil

Ɗana, direban bai yi maka ƙarya ba. Yawancin tiyub da robar butil ake yin su, kuma tana jure iska da ruwa sosai, ba ta saurin tsagewa. Matsalarta ita ce siririya ce, da kyar take wuce milimita 2, kuma ba ta lotsawa yadda soso yake yi. A akori-kura fitilar ƙarama ce, tana zaune a kan shafaffen ƙarfe, kuma bayanta ba but ba ne, saboda haka tiyub yana yi masa aiki. Fitilar salun ta fi faɗi, bakin mazauninta yana da lanƙwasa, naka kuma an yi masa walda. Inda tazara ta fi kaurin tiyub, giɓi zai rage, kai kuma za ka so ka ƙara matse notin domin ka rufe shi, a nan ne gidan fitilar zai karkace ko kusa ta tsinke. Ninka shi biyu ba ya magance wannan, domin ruwa yana bi ta tsakanin ninkin. Da babu gara ba daɗi, idan tafiya ta kama ka kafin ka shiga Kano ka saka shi na wucin gadi, amma ka wanke hodar da ke cikinsa tukuna. Inda tiyub yake da amfani na dindindin shi ne ka buga ƙananan woshoshi da shi, ka sa ɗaya a kowace kusa ta cikin but kafin woshar ƙarfe da noti. Tunda za ka ja wayar at daban kamar yadda Malam na Gumel ya ce, waɗannan woshoshin ba za su hana wuta komawa ba.

Maganar fenti kuwa, ka yi haƙuri. Fenti yakan bushe a sama alhali cikinsa yana da laushi, kuma idan aka matse roba a kansa sai ta kama shi, ranar da aka cire fitilar ya biyo ta. Ka tambayi mai fentin irin wanda ya fesa da tsawon lokacin da yake bukata, domin mai haɗin sinadarin taurarwa ya fi saurin ƙarfi a kan na da. Ka danna farce a wani ɓoyayyen wuri cikin but, idan ya bar alama, lokaci bai yi ba. Kafin nan ka leƙa bakin ramin fitilar da ramukan kusoshi ta ciki da tocila, domin masu fesa fenti sukan manta kaifin bakin ƙarfe da bayan walda. Duk inda ka ga ƙarfe tsirara, ka goge da samfefa, ka shafa jan fenti mai hana tsatsa da ɗan buroshi, ka bi da fentin motar.

Bayan ka ɗaura, ka gwada kafin ka mayar da shimfiɗar but. Ka sa siririyar takarda tsakanin roba da bodi a wurare daban-daban kafin ɗaurin ƙarshe, idan ka ja ta fito ba tare da turjiya ba, wurin bai kama ba. Da dare ka haska tocila ta cikin but, wani ya tsaya a waje ya duba ko haske yana fitowa ta gefen fitila. Da safe kuma ka shimfiɗa busasshiyar jarida a cikin but ƙarƙashin fitilun, ka rufe, ka kwarara ruwa da buta, ka fara daga ƙasan fitila kana hawa sama, kana buɗewa kana dubawa a kowane mataki. Idan ka fara daga sama ruwan zai iya shiga ta robar murfin but, ka ɗora wa fitila laifin da ba nata ba. Bayan mako biyu ko uku kana bin hanyar ƙauyenku, ka koma kan notocin da hannu, domin sabon soso yakan ɗan kwanta, kuma kwatan juyi ya ishi kowanne.